Yadda Ake Zaɓen Kwanturolar Sola a Karkarar Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ta Bichi zuwa Tsanyawa, a 'yan shekarun nan zai ga yadda farantan sola suka hau kan rufin kwano. Suna kan shagon mai cajin waya da kemis, suna kan masallacin unguwa, suna kan rumfar mai sayar da ruwan sanyi da zoɓo. Dalilin a bayyane yake. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Ƙaramin janareta ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. Wutar kamfanin lantarki na KEDCO ba ko'ina ta kai ba, inda ta kai ma ba ta zama. A watan Oktoban 2024 kuwa, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da maƙwabtanta sun yi fiye da mako guda a duhu.

Sai dai tare da yaɗuwar sola wani koke ya yaɗu: batir ba ya ƙarko. Mutum ya sayar da buhunan gero ko ɗan ragon da ya kiwata ya sayi batir, kafin shekara ta zagayo ya daina riƙe caji, ana idar da sallar Isha'i fanka ta tsaya. Nan take sai a ɗora wa mai sayar da batir laifi. Wani lokaci laifin nasa ne, amma sau da yawa matsalar tana wajen ɗan akwatin nan da ke maƙale a bango tsakanin faranti da batir, wato kwanturola. Ita ce mafi ƙarancin kuɗi a cikin kayan, ita ce kuma ake saya a ƙarshe da abin da ya rage a aljihu.

Mene ne aikinta?

Faranti ba ya sanin batir ya cika. Muddin akwai rana zai ci gaba da tura wuta, batir ya yi zafi, ruwansa ya ƙone, ya kumbura. Aikin kwanturola kamar na mai ba da ruwa ne a garkar rani: ya buɗe wa kwami ruwa sosai da farko, in ya kusa cika ya rage, in ya cika ya toshe ya bar ɗan ɗigo. Batirin dalma mai bolt 12 ana ba shi wuta da ƙarfi har ya kai kimanin bolt 14.4, a riƙe shi a nan na ɗan lokaci, sannan a sauke shi zuwa wajen 13.6 ko 13.8 har faɗuwar rana. Da dare kuma kwanturola tana hana wutar batir komawa cikin faranti, tana kuma yanke fitilun da aka haɗa a jikinta idan batir ya yi ƙasa sosai.

Kafin a shiga lissafi, akwai ma'auni uku da ya kamata mai saye ya riƙe: bolt, amfiya da wat. Bolt shi ne ƙarfin turawar wuta, amfiya yawan wutar da ke bi ta cikin waya, idan aka ninka su biyun kuma sai a sami wat. Amfiya 10 a kan bolt 12 wat 120 ke nan. Duk zaɓen kwanturola a kan wannan ɗan lissafin ya rataya.

Takardar da ke bayan faranti

Kowane faranti na ƙwarai yana da takarda manne a bayansa. Yawancin masu saye wat kawai suke dubawa, alhali akwai lambobi huɗu da suka fi shi amfani wajen zaɓen kwanturola. Vmp da Imp su ne bolt da amfiyar da faranti ke bayarwa idan yana aiki da cikakken ƙarfinsa. Voc shi ne bolt mafi yawa da zai nuna idan ba a haɗa shi da komai ba. Isc kuma amfiya mafi yawa da zai iya fitarwa.

Farantan da ke kasuwa sun rabu gida biyu. Akwai ƙanana masu ƙwayoyi 36, irin masu wat 100 ko 150, waɗanda tun asali don batir mai bolt 12 aka ƙera su. Vmp ɗinsu wajen bolt 18 ne, Voc kuma wajen 22. Akwai kuma manya da suka cika shagunan Sabon Gari da titin France Road yanzu, masu wat 450 zuwa 550 ko fiye, waɗanda aka ƙera don manyan tashoshin sola. Mai wat 550 yakan nuna Vmp kusan bolt 42, Imp kusan amfiya 13, Voc kusan bolt 50. Idan aka raba kuɗinsu da yawan wat, manyan sun fi araha nesa ba kusa ba, shi ya sa kowa ya koma kansu. Amma babban faranti yana da irin kwanturolar da ta dace da shi, kuma a nan ne asarar mutane da yawa take farawa.

PWM ko MPPT?

Iri biyu ake sayarwa. PWM ita ce mai araha, 'yar ƙarama mara nauyi, galibi shuɗiya mai ramin cajin waya a gaba. Abin da take yi shi ne haɗa faranti da batir kai tsaye, tana buɗewa tana rufewa da sauri. Sakamakon haka batir yana janyo bolt ɗin faranti ƙasa zuwa nasa, amfiya kuma ba ta ƙaruwa. MPPT kuwa tana barin faranti ya yi aiki a bolt ɗin da ya fi ba da ƙarfi, sannan ta juya rarar bolt ɗin ta zama ƙarin amfiya ga batir.

A ɗauki gida mai faranti ɗaya na wat 150, batir mai girman amfiya-awa 100, ƙwayayen fitila huɗu, fanka da cajin wayoyin iyali. Farantin yana ba da wajen amfiya 8.3. Da PWM, amfiya 8.3 sau bolt 13.5 zai ba da kimanin wat 112. A takarda an yi asarar kusan wat 40, amma zafin ƙasar nan yana rage tazarar. Ana auna ƙarfin faranti ne yana digiri 25 a ma'aunin Selshiyas, duk digiri ɗaya da ya ƙaru kuma yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa, mafi yawan ragin kuma a bolt yake. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, farantin da ke kan kwano yana iya haura digiri 65, Vmp ɗinsa ya sauko daga 18 zuwa wajen 15 ko 16, dab da na batir. Rarar da MPPT za ta juya ta zama kaɗan. Ga irin wannan gida PWM mai kyau ta wadatar, bambancin kuɗin kuma gara a ƙara shi wajen sayen batir mai inganci.

Yanzu a ɗauki mai shagon caji a ranar kasuwar Dambatta, wanda ya sayi faranti mai wat 550 da batir ɗaya mai bolt 12, aka haɗa masa da PWM. Farantin zai ba da amfiya 13 da 'yan kai, batir ya janyo shi zuwa bolt 13.5, abin da ke shiga bai wuce wat 180 ba. Ya biya kuɗin wat 550, yana cin moriyar kashi ɗaya bisa uku. Ko a tsakiyar bazara batirinsa ba zai riƙa cika ba, batirin dalmar da ke kwana bai cika ba kullum kuwa farantan cikinsa suna taurarewa, ya mutu da wuri. Banda haka, PWM da yawa ba a yi su don ɗaukar bolt 50 ba, suna iya ƙonewa. Da MPPT ce, ko a cikin zafi zai iya samun wat 400 zuwa 450 da tsakar rana.

Hukuncin a taƙaice: ƙaramin faranti mai ƙwayoyi 36 da batir mai bolt 12, PWM ta isa. Babban faranti kuwa sai MPPT.

Lambobi biyu da ba a wasa da su

Kowace kwanturola tana da iyakar amfiya. Ga PWM, ana tara Isc na farantan da aka haɗa gefe da gefe a ninka da 1.25. Faranti mai wat 150 mai Isc kusan amfiya 9 zai ba da 11 da 'yan kai, sai a sayi mai amfiya 15 ko 20. Idan akwai niyyar ƙara faranti na biyu bayan kaka, a sayi mai 30 tun yanzu.

Ga MPPT, ana raba jimillar wat da bolt ɗin cajin batir. Wat 550 a raba da 14, kusan amfiya 40 ke nan. Sai dai amfiya 40 ita ce ƙurewar abin da batirin dalma guda ɗaya mai amfiya-awa 200 zai ɗauka, domin abin da masu ƙera shi suka fi so shi ne kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na girmansa, kuma ƙasa-ƙasa ya fi masa lafiya. Idan aka jera batir biyu suka zama bolt 24, wat 550 ɗin nan amfiya 20 kawai zai zama. Kwanturola ta ragu, waya ta ragu, zafi ya ragu. Shi ya sa duk wanda farantansa suka kai wat 500 zuwa sama, musamman mai firji, ya kamata ya yi tunanin bolt 24.

Lamba ta biyu ita ce iyakar bolt ɗin faranti, ita ce kuma mai kashe MPPT nan take. Idan amfiya ta yi yawa, MPPT mai kyau tana rage ta da kanta. Idan bolt ya wuce iyaka, ƙonewa take yi. Kamfanin Victron na ƙasar Holan yana rubuta lambobin biyu a sunan kayansa: 100/30 na nufin iyakar bolt 100 daga faranti, amfiya 30 zuwa batir. Sauran kamfanoni irin su EPEVER da Felicity na Sin da Morningstar na Amurka suna rubuta su a jiki ko a cikin littafin na'urar.

Ga inda hunturu ke shigowa. Sanyi yana ɗaga bolt ɗin faranti. Faranti biyu masu Voc kusan 50, idan aka jera su ɗaya bayan ɗaya, sun zama kusan bolt 100. A safiyar Janairu, lokacin da sanyi kan sauko wajen digiri 12 a karkarar Kano, za su iya haura 100 da bolt uku ko huɗu. Kwanturola mai iyakar bolt 100 da ta yi aiki lafiya duk damina za ta iya mutuwa a irin wannan safiya. Abin yi shi ne a tara Voc, a ƙara kashi 10 cikin ɗari, a sayi wadda iyakarta ta wuce nan. A wannan misali mai bolt 150 ce ta dace. Wanda ya sayi inbata mai kwanturola a cikinta ma wannan lissafin ya hau kansa.

Kowane batir da irin cajinsa

Batir iri uku suka fi yawa: dogon batir mai ruwa, rufaffen batir na jel, da litiyam. Kwanturolar da ba a iya sauya mata nau'in batir ba ta da amfani ga wanda ke son kayansa su daɗe. Mai ruwa yana son a riƙa ba shi caji mai ɗan ƙarfi lokaci zuwa lokaci don ƙwayoyinsa su daidaita, sannan a duba ruwansa a ƙara masa ruwan batir tatacce, ba na rijiya ko na leda ba. Irin wannan caji mai ƙarfi kuwa illa ne ga jel, domin idan ya bushe babu hanyar ƙara masa ruwa. Litiyam yana tsayawa ne tsakanin bolt 14.2 da 14.6, gwargwadon abin da mai ƙera shi ya rubuta, ba ya kuma buƙatar cajin daidaitawa sam.

Zafi shi ne babban abokin gabar batirin dalma. An san cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa, kuma batir mai zafi yana buƙatar a rage masa bolt ɗin caji. Kwanturola mai kyau tana zuwa da 'yar wayar auna zafi da ake mannawa a jikin batir. Mutane da yawa suna barin ta a cikin kwali. A ɗakin kwano na watan Mayu, wannan 'yar wayar tana iya zama dalilin da batir zai ƙara watanni. Batirin mota kuwa ba na sola ba ne, don tayar da inji aka yi shi, ba zai jure zuƙewar kowane dare ba. Ko batirin dalma na sola ma, kada a riƙa cinye fiye da rabin cajinsa.

Inuwar bishiya

Tun shekarun 1960, lokacin da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, abin da aka san yankin da shi shi ne cunkoson jama'a, gonakin da ba a hutar da su, da bishiyoyi a tsakiyar gonaki: ɗorawa, kuka, tsamiya, gawo. A cikin gidaje kuma darbejiya ce ko'ina. Don haka da wuya a sami rufin da inuwa ba ta taɓa shi.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan matsala su ne masu jiragen ruwan da iska ke turawa a tekunan Turai da Amurka, domin sandar jirgi da filafilansa suna jefa inuwa a kan farantansu duk yini. Dabarar da suka saba yi ita ce haɗa farantan gefe da gefe, ko kuma a ba kowane faranti ƙaramar kwanturolarsa. Idan farantai suna jere ɗaya bayan ɗaya, wanda inuwa ta rufe yana janyo sauran ƙasa. Idan gefe da gefe suke, mai inuwa ne kaɗai zai ragu. Jeri ɗaya bayan ɗaya yana da nasa amfanin, domin bolt mai yawa yana tafiya a doguwar waya ba tare da asara sosai ba, amma sai a wurin da babu inuwa.

A kuma tuna inuwa tana sauyawa. Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka a hunturu rana tana karkata kudu, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuma tana bi ta ɗan arewa. Gawo kuma da rani yake yin ganye, ya zubar da damina. Wurin da aka gani fili a watan Yuli yana iya zama inuwa a Disamba.

Yadda ake gane jabu

Kasuwa cike take da PWM da aka rubuta wa MPPT a jiki. Ta gaskiya tana da nauyi, domin a cikinta akwai babban naɗin wayar tagulla, a bayanta kuma ƙarfe mai tsaga-tsaga mai fitar da zafi. Za a ga an rubuta iyakar bolt ɗin faranti 75, 100 ko 150. Wadda ba ta fi wayar hannu nauyi ba, aka rubuta mata amfiya 60 ko 100, ramukan ɗaure wayarta ƙanana, kuɗinta kuma bai fi na PWM ba, PWM ce. Araha ba ta ado.

Gwajin da ba ya ƙarya na mita ne. Da hantsi, batir bai cika ba, mai haɗa sola ya auna bolt a inda wayar faranti ta shiga da inda ta batir ta fita. A MPPT ta gaskiya bolt ɗin faranti zai fi na batir sosai, amfiyar da ke shiga batir kuma ta fi wadda ke fitowa daga faranti. Idan ɓangarorin biyu kusan ɗaya suke, a mayar da ita. Yana da kyau a yi wannan sharaɗin da mai shago kafin a biya, a kuma karɓi rasit.

Haɗawa da kulawa

Ana fara haɗa batir, sannan faranti. Wajen cirewa kuma faranti ne farko. Daga batir kwanturola take gane ko tsarin na bolt 12 ne ko 24, idan aka fara da faranti tana iya rikicewa ko ta lalace. A sa fiyus kusa da kan batir, a sa makashi a layin faranti. Inbata a kan batir ake haɗa ta kai tsaye da nata fiyus, ba a ramin fitilun kwanturola ba.

Waya tsakanin kwanturola da batir ta zama gajera mai kauri. Ga amfiya 40, mai lamba 10 ce ta dace, ta faranti kuma mai lamba 4 ko 6. A kankare bakin wayar da wuƙa, in ciki fari ne, alminiyon ne aka shafa wa ruwan tagulla. Wayar da ta yi zafi a hannu da tsakar rana ta yi siriri, ko kuma ɗaurinta ya saki.

A kafa kwanturola a tsaye, a bangon da ba ya cin wuta, da sarari sama da ƙasa don iska, nesa da yara. Kada ta zauna daidai saman batir mai ruwa, saboda tururinsa yana cin ƙarfe. Soron ƙasa ya fi ɗakin kwano sanyi, ya fi dacewa da ita da batir. Mai ƙaramar fanka a ciki tana zuƙar ƙurar hunturu, sai an riƙa share ta, ga zanzaro da ƙadangaru da ke son ramukanta. Farkon damina lokacin tsawa ne, don haka sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa da na'urar kare tsawa ba almubazzaranci ba ne. Faranti kuma a wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin ya yi zafi, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu.

Manoman rani na Watari a Bagwai da na madatsar Tomas da ke komawa famfon sola su lura da abu ɗaya. Famfon da ke aiki kai tsaye daga faranti ba tare da batir ba yana da tasa kwanturolar ta daban, wadda ke tafiyar da inji, mai kyau kuma tana tsayar da shi idan ruwa ya ƙafe. Kwanturolar caji ba ta maye gurbinta. Amma lissafin Voc da sanyin hunturu ya shafe ta ita ma.

Mai shirin zuwa kasuwa ya fara ɗaukar hoton takardar bayan farantinsa da ta jikin batirinsa a waya, ya rubuta kayan da yake son kunnawa da awannin da za su yi. Ya tambayi mai shago abu uku: iyakar bolt, iyakar amfiya, da ko ana sauya nau'in batir. Idan mai shago bai iya nuna su a jikin na'urar ko a littafinta ba, ya wuce shago na gaba.